Sunan da Baffa Gide Bai Faɗa Ba

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Tun kwana na uku jikina ya gaya mini cewa shekaru sun ja. Da azahar nakan shimfiɗa tabarma a zaure, in jiƙa tawul in ɗora a ƙirji, in kwanta ina jin ƙarar babura a kan titin Dutse. Jikokina kuwa tun la'asar suke sayo ƙanƙara a leda, suna gardamar wanda zai riƙe. Rabon da azumi ya zo da irin wannan zafi an fi shekara talatin. Na daɗe ina ba da labarin wancan azumin a gutsure, ina tsallake inda bai yi mini daɗi ba. Yau zan faɗe shi yadda yake.

Shi ne azumin farko bayan an yanke Jigawa daga Kano. Ina da shekara ashirin da uku, muna zaune a wata unguwa ta bakin garin Kiyawa, ni da mahaifiyata Inna da ƙannena mata biyu. Mahaifinmu ya rasu. Karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare, na yi aji uku a makarantar horon malamai, na faɗi jarrabawa aka sallame ni, na dawo gida na ce rashin lafiya ce ta dawo da ni. Hedimastan garinmu ya ba ni riƙon 'yan aji biyu kafin a turo malami. Wannan ya isa mutanen unguwa su riƙa ce mini Ticha. Ni kuma na sayi jan biro na soke a aljihun gaba, ko masallaci da shi nake zuwa.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi, zangarniya ta fito ƙanana, in an sussuka rabi ƙaiƙayi. Kafin a ga wata Inna ta riga ta sauya kwanon awo, ta koma ƙarami, ba ta gaya wa kowa ba. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga yana fitowa da laka. Mata suna jeruwa a bakinta tun bayan asuba, tulu a gaban kowa, babu mai yawan magana. Da hantsi ƙasa ta ɗau wuta, silifa ta yi laushi a ƙafa. In iska ta taso sai ka ce daga bakin murhu ta fito. Kaji na laɓe a gindin rumbu baki buɗe.

Saura kwana biyu a kama azumi Baffa Gide ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Bafulatani ne, dogo siriri, zai yi shekara hamsin. Abokin mahaifina ne, da rani shanunsa ke kwana a gonarmu su bar mana taki. Rugarsu tana gabas da gari, tafiyar kamar awa guda a ƙasa. Da yana da garke, ciwon huhu da fari suka cinye, ya rage saniya uku da ɗan maraƙi.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ticha, wurinka na zo. Boko nake so ka koya mini."

Na yi dariya, na zaci wasa yake. Bai yi dariya ba. Ya ce ɗan ƙanwarsa akawu ne, an dawo da shi Dutse daga Kano, kuma ofishinsu na neman masinja, dattijo mai amana wanda ba zai tsaya hira a hanya ba. Sharaɗin ɗaya ne. Ya iya karanta sunan da ke bayan fayil ko ambulan ya kai wa mai shi, ya kuma iya sa hannu. Kwana uku bayan salla shugaban ofis zai gwada shi.

"In na samu, yara za su ci har kaka, shanun nan su tsira. In ban samu ba, sai in sayar da biyu, in kora sauran kudu in yi wa wasu kiwo. Kwana talatin ne. Zai yiwu?"

"Baffa, ai kwana ashirin ma ya yi yawa," in ji ni.

Da ya tafi Inna ta ce, "Babba ba a koya masa kamar yaro. Ka shigo da shi zaure, ku biyu."

Na ce to. Amma ranar farko sai na aro baƙin allo daga makaranta na jingina shi a gindin tsamiyar bakin masallaci, inda maza ke zubewa bayan la'asar suna jiran faɗuwar rana. Na ce zauren ba iska. Gaskiyar ita ce so nake a ga ɗan marigayi yana koyar da sa'an ubansa.

Goman farko, wadda ake ce wa ta marmari, haka ta wuce. Da safe in je makaranta, da azahar in dawo in kwanta. Shi kuma ya baro ruga rana na tsaka, da azumi a bakinsa, ya iso kafin la'asar, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Kullum yana riƙe da 'yar ƙwaryar nono rufe da faifai, an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye ya ce a kai wa Inna na buɗa-baki. Sau da yawa barci kan ɗauke ni, in fito a makare in same shi a zaune a kan buzunsa, bai sa an tashe ni ba.

Yadda aka koya mini haka na koya masa. Na cika allo da baƙaƙe, manya a sama ƙanana a ƙasa, na ɗauki tsumagiya ina nunawa, ina rera su da sunayensu na Turanci: e, bi, si, di. Ya riƙa bi na da murya ƙasa-ƙasa. Duk sanda na ce, "Ka ji?" sai ya ce, "Na ji." Ban taɓa tsayawa na gwada ko jin kunne ne ko na ganewa ba. Irin Baffa Gide ba zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce wa ɗan cikinsa bai gane ba, ko da zai kwana a nan.

'Yan kallo ba su bar shi ya huta ba. Tanko mahauci ne babbansu.

"Baffa, in ka zama gwamna don Allah ka tuna da mu."

"Da kai zan fara," in ji Baffa Gide. "Ranar zan sa a ƙwace wuƙar nan, ka ƙarar mana da shanu."

"To ai gara ni, ina biyan kuɗinsu. Boko kuwa in ya shiga kan Fillo, ta ina zai fita?"

Aka yi dariya, har da ni.

Wata rana ya nuna wani harafi da sandarsa ya ce, "Wannan mai ƙaho biyun, yaya sunansa?" Ya nuna wani ya ce, "Wannan kuma mai tozo ne." Ashe hanyarsa ke nan ta riƙe su, yadda yake gane saniyarsa cikin ɗari. Na ce masa, "Baffa, nan ba ruga ba ce. Sunansa yu." Bai ƙara kwatanta harafi da komai ba.

Goma ta wuya ta shigo da wuyarta. Leɓe ya tsage, yawu ya ƙafe, in ka yi sujada goshinka ya ji zafin tabarma. Kunun tsamiyar Inna ya tsinke har kana ganin gindin ludayi. Ƙosai sai ranar Juma'a, kowa uku. Rijiya ta kai ga sai an jira ruwa ya taru kafin a zura guga, sai mai unguwa ya kira gayyar yasa. Muka taru da sassafe. Samari biyu suka shiga ciki da igiya a ƙugu, sauranmu muna jan bokitin laka muna miƙa wa juna. Wanda ya fito daga ciki sai ya kwanta a ƙasa yana haki, ba dama ya kurɓi ruwan da ya yini a cikinsa. Baffa Gide ya zo ya kama igiya tare da mu, alhali ba rijiyarsu ba ce. Da la'asar ya zauna gaban allo da laka a gwiwar hannu, tafinsa ya yi bororo, alli na zamewa daga yatsunsa.

Nonon ma ya ragu, ƙwaryar ta koma rabi. Na yi ƙorafi a gida. Inna ta dube ni ta ce, "Saniya ɗaya ake tatsa a rugarsu, kuma bazara ce. Daga bakin yara ake ɗauko maka shi." Na ji maganar. Na kuma dama fura da shi na sha.

Da na ga kwanaki na gudu, ranar sha bakwai na tsallaka zuwa sunaye. Na rubuta ALI, na rubuta MUSA, na rubuta BALA. Ya riƙa lalube, wani ya dace wani ya kauce. Ranar sha tara rana ta yi zafin da ban taɓa ji ba, ko ganyen tsamiya ba ya motsi. Na fito kaina na sarawa. Na goge allo na rubuta USMAN da manyan baƙaƙe.

Ya daɗe yana kallo. Leɓunansa na motsi, yatsansa na zana wani abu a ƙasa. Can sai na ga fuskarsa ta saki, kamar wanda ya hango ɓatacciyar saniyarsa daga nesa.

Ya ce, "Shehu."

"Me?"

"Shehu."

Wasu suka kwashe da dariya. Na buga tsumagiya a allo na ce, "Ina Shehu a nan? Harafi biyar ne. Faɗe su ɗaya-ɗaya."

"Yu. Es. Em. E. En."

"To, haɗa."

Ya ci gaba da zana ƙasa da yatsa.

"Haɗa mana, Baffa. Jama'a na jira."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Shehu ne, Ticha."

Babu wanda bai san duk Usman ana ce masa Shehu ba. Ni ma na sani. Da na tsaya na numfasa sau ɗaya, da na gane cewa wanda ya kalli wannan allo ya ce Shehu, ya karanta ke nan. Ita ce kalmar farko da ya haɗa da kansa, ba wanda ya taya shi. Amma ƙishirwa na cina, dariyar na shiga kunnena, kuma na ɗauka da ni ake yi. Sai na ji bakina ya ce:

"Gide, yau kwana goma sha tara. Da saniyarka na zaunar a nan, da yanzu ta haɗa."

Haka na kira shi, gatsau, ba Baffa. Masu dariya suka kama kallon ƙasa. Tanko ma ya kau da kai yana tsinkar zaren hularsa. Baffa Gide ya miƙe a hankali, ya kaɗe buzunsa, ya saɓa sanda a kafaɗa. Ya matso da ƙwaryar nono kusa da ƙafata ya ce, "A kai wa Inna. Allah ya ba mu alheri." Da can yakan jira a sha ruwa a masallaci kafin ya kama hanya. Ran nan bai jira ba. Magariba a daji ta same shi, ba ko gora a hannunsa.

Labari ya riga ni shiga gida. Inna ta ajiye mini kunu ba ta dube ni ba. Sai da na kai ludayi baki ta ce, "Shekara talatin suna tare da ubanka, ban taɓa jin ya kira sunansa haka ba."

Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Na mayar da allo makaranta. Wanda ya tambaye ni sai in ce kan babba ya riga ya bushe, na yi iya yina.

Kwana huɗu bayan haka na kai kekena faci wurin Baba Kofur, a bayan kasuwa. Tsohon soja ne, a bariki ya koyi karatu, rubutunsa kamar tonon kaza. Na sha yi masa dariya a kan haka. Da na isa rumfar ba kowa, sai na ji murya a bayan zana. Na leƙa. Su biyu ne a kan benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, shi da Baffa Gide. Ba allo, ba tsumagiya. A gabansu tsofaffin ambulan ne da yankakken kwalin sukari, kowanne da suna a jiki.

"Wannan mai ƙaho biyun fa?" in ji Baba Kofur.

"U."

"Mai tozo biyu?"

"Ma."

"Madalla. To ga takardu uku. Waccan tayar ita ce Musa, famfon nan Bala, gwangwanin can Ali. Masinja, a kai wa kowa tasa."

Baffa Gide ya tashi da takardu a hannu, ya duba, ya ajiye ɗaya a kan taya. Ya yi kuskure a ta biyu.

"Ka kai wa Ali wasiƙar Bala. In ta bashi ce ka haɗa faɗa. Sake dubawa, ba sauri."

Na ji Baffa Gide ya yi dariya. Kwana goma sha tara yana gabana ban taɓa jin ya yi dariya a kan karatu ba. Na ja kekena na koma, ban yi sallama ba.

Da safe na dawo, na san Baffa Gide ba ya nan. Baba Kofur ya cire tayar ya tsoma tib a ruwa yana neman huji, bai ɗago ba.

"Ticha, ka taɓa zuwa rugar Baffa Gide?"

"A'a, Baba."

"Ɗansa na fari, yaya sunansa?"

"Dikko."

"Dikko ba suna ba ne. Kowane ɗan farin Fulani Dikko ne. Sunan yanka nake tambaya."

Na girgiza kai.

"Usmanu," in ji shi. "Yaron ya yi gemu, sunan bai taɓa fita daga bakin ubansa ba. Kai kuma ka tsare shi gaban mahauta ka ce sai ya faɗa. Kai ba ɗan fari ba ne? Innarka ta taɓa kiran sunanka?"

Ba ta taɓa ba. Har ta koma ga Allah "yaron nan" take ce mini. A cikin wannan kunyar aka haife ni, a cikinta na girma, amma da na riƙe alli sai na manta da ita.

"Ni ranar da ya zo," in ji Baba Kofur, "kafin mu taɓa takarda na ce masa, akwai sunan da ba ka faɗa? Ya ce biyu, na ɗansa da na surukinsa. Na ce in ka gan su ka ɗaga yatsa kawai, na san ka gane. Shi ke nan. Riƙe mini nan."

Na riƙe. Na ce, "Zai iya kafin salla?"

"Da tun farkon wata na same shi, da ya iya. Kansa ya fi nawa. Manyan baƙaƙe ya kama su, amma 'yan ofis rubutun haɗe suke yi, kamar tafiyar tsutsa. Kwana shida ya rage." Ya shafa gam a faci ya hura. "Ka je ka ba shi haƙuri."

"Zan je, Baba."

Ban je ba. Ranar na ce rana ta yi yawa. Washegari na ce sai an sha ruwa, da aka sha ruwa na ce jiki ya mutu. Rumfar Baba Kofur tana nan bayan kasuwa, kullum la'asar Baffa Gide na ciki, ni kuwa sai na sauya hanya. Daga baya na ce a bari sai salla, ranar yafiya ce.

Goman ƙarshe ba ta zo mana da ɗokin salla ba. Ba wanda ya yi ɗinki a gidanmu, Inna ta wanke tsofaffin ta sa musu bula. Wata yamma hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwashe shanya, yara suka fito suna tsalle. Aka yi yayyafi kaɗan, ƙasa ta yi ƙamshi, ya ɗauke. Zafin da ya biyo baya ya fi na da. Ranar salla na hango malafar Baffa Gide a filin idi, sahu uku a gabana. Da aka shafa addu'a na bi ta bayan mutane na fice.

Kwana uku bayan salla ya hau a-kori-kura zuwa Dutse. Baba Kofur ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Shugaban ofis ya ajiye masa fayil biyar. Uku an buga sunayensu da keken rubutu, ya kai wa masu su daidai. Biyu da hannu aka rubuta. Ya tsaya riƙe da su a tsakiyar ofis yana juyawa. Ya sa hannu kuma, a hankali, harafi bayan harafi. Mutumin ya yaba masa, ya ce ya ƙara ƙoƙari. Amma a bakin ƙofa akwai samari masu takardar firamare a jere, kuma aiki ba ya jira. Kafin mako ya zagayo an ba wani.

Ranar kasuwa ya sayar da saniya biyu. Bazara ce, ƙashi da fata, dillalai suka taya yadda suka ga dama. Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Na fito na same shi da malafa da gora da buta a rataye. Can bakin hanya Dikko na tsaye da saniya ɗaya da maraƙi. Maza uku na zaune a dakalin maƙwabcinmu. Na ji motsin Inna a bayan ƙyauren zaure.

Ya gaisa da ita ta cikin ƙofa, suka yi wa juna addu'a. Sannan ya juyo gare ni.

"Ticha, tafiya ta kama. Mai tafiya bai san dawowarsa ba, shi ya sa na biyo. Ka yafe mini. Na hana ka barci cikin azumi, na sa an yi maka dariya. Ka yi ƙoƙarinka, kaina ne ya ƙi."

Maganar tana bakina. Kwana goma sha biyar ina shirya ta, na san farkonta na san ƙarshenta. Na dubi dakali, na ga ido shida a kaina.

Na ce, "Ba komai, Baffa. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya ce amin. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya saki, ya bi bayan saniyarsa.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a an buɗe ajin manya a unguwarmu, aka ba ni. Na koyar da magidanta da yawa, a zaure, a kan benci ɗaya, har ana cewa Ticha akwai haƙuri. Ban gaya wa kowa inda na samo shi ba. A shekarun nan duk falken shanun da ya zo daga kudu sai na tambaye shi labarin Baffa Gide. Daga ƙarshe wani ya ce ya san shi, ya rasu da daɗewa, yana yi wa wani attajiri kiwo.

Na yi istigfari, ina kuma yi. Amma malamai sun ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Shi kuwa abin da ya ji daga bakina na ƙarshe shi ne na yafe masa, kuma da shi ya tafi.